Gudumar Mai Kujeru

Tun kafin likita ya gaya masa sunan ciwon, Mai Ƙofa ya san hannunsa na dama ya fara yi masa gardama. Zai kafa ƙusa a kan katako ya ɗaga guduma, sai wata 'yar rawa ta taso daga wuyan hannu ta bi yatsu, ƙusar ta sha duka a gefe ta kwanta. Mutumin da ya manyanta yana haɗa ƙyaure, har sunansa na yanka ya ɓace a rumfa, yau shi ke ɓoye lanƙwasassun ƙusoshi a aljihu kamar wanda ya yi sata. In ana hira sai ya cusa hannun a hammata. Shayin safe ma ya daina sha a cikin mutane, don kada a ji cokali na ƙara a kofi.

Rumfar ta ƙungiyar gama kai ce ta kafintoci. Doguwa ce, rufin kwano, injin yanka katako a tsakiya na kowa da kowa, bencuna a jere dama da hagu. Mai benci shi ne ɗan ƙungiya. Shi ke da damar hawa inji, shi ake ba kaso in an samo babban aiki, shi ke da baki a taro. Wanda ba shi da benci, ko ya fi kowa iya aiki, yaron wani ne. Dokar da aka kafa ƙungiyar a kanta kuwa ta ce, in mai benci ya rasu ko ya ajiye aiki, bencin na wanda ya fi daɗewa yana koyo a rumfar ne.

Wannan dokar ce ta hana Mai Ƙofa sakat. Ɗansa na fari, wanda 'yan rumfa ke kira Direba, ya yi shekaru yana tuƙa motar wani kamfani, kamfanin ya rufe. Ya dawo gida da matarsa da jaririya, aka kwashe tarkacen ɗakin baya aka ba su. Ya zaga neman aiki har takalminsa ya cinye, ba labari. Uban ya taɓa ce masa ya zo ya shiga layin masu koyo.

"Baba, ni da 'yata zan je in tsaya bayan yaran da na girme, ina share dusar katako?" in ji shi. "Ka bar ni tukuna, wani abu zai fito."

Ba abin da ya fito. Shi kuma Mai Ƙofa kullum lissafinsa ɗaya: ranar da hannun nan ya ƙi gaba ɗaya, benci ya tafi, gidan ya zama ba mai nema.

Ana haka wa'adin Ciyaman, shugaban ƙungiyar, ya zo ƙarshe, yana kuma son ya zarce. Ciyaman mai yin kabad ne, ƙato, mai murya kamar injin rumfar. Ya zagaya bencuna da alkawari guda: in aka sake zaɓensa, a taro ɗaya za a gyara doka, benci ya zama gado, ɗa ya hau na ubansa. Wanda ya fito ja da shi Mai Fenti ne, ɗan siriri mai baki, wanda ya ce in aka yi haka an ci amanar yaran da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna jiran layi. Rumfa ta rabu biyu, har mai kawo musu abincin rana ta ce ta rasa a wane ɓangare za ta fara ajiye kwano.

Su kuwa tun kafuwar ƙungiya ba su san ƙuri'ar takarda ba. Ranar taro ana share gaban inji, a shimfiɗa buhu biyu a ƙasa, kowa ya ɗauko gudumarsa ya ajiye a kan buhun da ya zaɓa. Suna alfahari da cewa ba a yi musu maguɗi, domin babu gudumar da ba a san mai ita ba. Ta Ciyaman ƙotarta naɗe take da baƙar roba. Ta Mai Fenti ta sha launi kamar tsumman goge buroshi. Akwai kuma wani abu da suka tashi suka tarar: a wurinsu benci ne ke zaɓe, ba mutum ba. In mai benci ya rasu, kafin a ba wani bencin, iyalansa na ci gaba da karɓar kaso, don haka ba a barin bencin ba murya. Maƙwabcinsa na benci, wanda ya fi kowa jin ƙorafinsa da barkwancinsa, shi zai sauko da gudumar mamacin ya ajiye ta inda ya san mai ita zai ajiye.

Maƙwabcin Mai Ƙofa shi ne Mai Kujeru, kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin ma a fara zancen gyaran doka. Tare suka shigo rumfar suna samari, zarto ɗaya suka yi ta aro a tsakaninsu, ba wanda ya tuna asalin mai shi. Ya bar yaronsa Bahago, wanda shi ne farko a layi. Yaro a suna kawai, don furfura ta fara leƙo masa a gemu, 'ya'yansa na makaranta. Ya kuma bar ɗan cikinsa guda, mai shagon waya a can wani gefen gari, wanda ya riga ya faɗa wa mutane cewa in bencin ya zo hannunsa haya zai bayar.

Ranar taro Mai Ƙofa ya fara ajiye tasa a buhun Ciyaman. Sannan ya koma ya sauko da ta amininsa daga ƙusar da take rataye. Ƙotarta ta yi sumul, ta yi ɗan kwari a inda babban yatsa ke zama. Da ya juyo sai ya ga buhunan sun yi kunnen doki, kowa ya zuba masa ido. Bahago na tsaye can baya wajen ƙofa, hannuwa a goye. A daidai lokacin sai wata magana ta faɗo wa Mai Ƙofa: wata rana Mai Kujeru ya taɓa cewa, cikin takaici, da ma ɗansa zai leƙo rumfar nan ko sau ɗaya ya riƙe masa katako. Ya riƙe wannan maganar da ƙarfi, ya sunkuya ya ajiye gudumar kusa da tasa.

Ciyaman ya zarce, doka ta canza, da bambancin guduma ɗaya.

"Ba nan ne wurinta ba!" Mai Fenti ya daka tsawa. "Wallahi ba nan ne wurinta ba, kai ma ka sani!"

Bai tsaya a tsawa ba, ya tara mutanensa suka ɗauki lauya suka shigar da ƙara. Kotu ta ce a dakata, kada a taɓa bencin Mai Kujeru, kada a yi aiki da sabuwar doka sai ta yanke hukunci. Aka lulluɓe bencin da tamfol. Bahago ya zama ba ubangida ba inji, ya koma jikin bango a waje yana gyaran karyayyun kujeru da kayan hannu, rana na dukansa. Abin da ya fi ci wa Mai Ƙofa rai shi ne, kullum da safe sai Bahago ya miƙe ya rusuna ya ce, "Baba, ina kwana," yadda ya saba. Da zaginsa ya yi, da abin ya zo masa da sauƙi.

Shari'a ta yi ta jan ƙafa. Yau alƙaliya ta yi tafiya, gobe lauyan wancan ɓangare bai zo ba. Wani babban aikin tebura ya wuce su, don mai aikin ya ce bai san wanda zai sa hannu da sunan ƙungiya ba. Daga ƙarshe aka sa ranar jin shaidu, sunan Mai Ƙofa na ciki.

Ana gobe za a shiga, Ciyaman ya ja shi bayan tarin katako.

"Ɗan'uwa, abu mai sauƙi ne. In an tambaye ka, ka ce marigayi ya faɗa maka da bakinsa gado yake so. Wa zai taso shi ya ƙaryata?"

"Bai faɗa ba, Ciyaman. Ba a ma fara zancen ba ya tafi."

"Ai ya yi maganar ɗansa, ko bai yi ba?"

"Ya yi."

"To shi ke nan! Kai ba ƙarya za ka yi ba, ɗan ƙarasa masa zancen za ka yi. Ka tuna da Direba. Ni nawa 'ya'yan duk sun kama abin yi, don irinku nake wannan faɗan."

Mai Ƙofa ya koma gida da wuri, rana ba ta faɗi ba. Matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya, jikar na goye a bayanta. Ta dube shi sau ɗaya ta gane.

"Maigida, yau ma da kotun ka shigo mana?"

Ya zauna a kan 'yar kujera ya gaya mata abin da Ciyaman ya ce. Ta ninke zane ta ɗora a kan wani.

"Ni ban san dokarku ba," in ji ta. "Amma na san marigayi. Ranar sunan yarinyar nan, da ya zo, wa ya riƙa yabo har na gaji da ji?"

Mai Ƙofa ya tuna. A nan tsakar gidan Mai Kujeru ya zauna yana cewa hagun Bahago ta fi damarsa, in ya mutu gobe bai bar bencinsa a banza ba. Har ya yi dariya ya ce sai dai a juya wa bencin fuska, don bahagon mutum komai a juye yake yi.

"Ranar taro wannan ba ta zo mini ba," ya ce a hankali.

"Ta zo yanzu."

"To in na faɗa, ɗanmu fa? In na zauna a gida, me za su ci? Ke kin ga hannun nan."

"Na gani. Ni ke ɗinke aljihun da ƙusoshi ke hudawa." Ta gyara goyo. "Shi ne dai bai gani ba, don ka hana shi gani."

Washegari Ciyaman ya zo da wata dabara da bai shawarci lauya a kanta ba. Ya sa aka tattara gudumomin rumfa kaf a buhu, don kotu ta gani da idonta cewa zaɓensu ba ya maguɗuwa. A ƙofar kotu mai gadi ya leƙa buhun ya ja da baya.

"Kai! Shari'a kuka zo ko rushe gini?"

"Ƙuri'u ne," in ji Ciyaman.

"Ƙuri'u? To ƙuri'un nan ba za su shiga ba sai an zo an karɓe su a hannu. In aka yanke hukunci bai yi muku daɗi ba, kan wa za su sauka?"

Har Mai Fenti sai da ya yi dariya. Da ƙyar lauyan ƙungiya, wani matashi mai tabarau, ya fito ya sa ma'aikacin kotu ya ɗauki buhun ya shiga da shi.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, fanka ɗaya ke juyawa. Kafintoci suka cika kujerun, rabi dama rabi hagu kamar a rumfa, wasu na shafa jikin kujerun da yatsa suna taɓe baki saboda aikin bai yi musu ba. Direba ya shigo daga baya ya zauna a layin ƙarshe. Alƙaliyar dattijuwa ce, ba ta ɗaga murya, tana rubutu tana sauraro.

Ciyaman ya fara ba da shaida. Aka zazzage buhun a kan tebur, ya riƙa ɗaga gudumomin ɗaya bayan ɗaya yana faɗin masu su, ƙirji a buɗe.

"Wannan tawa ce. Wannan ta mai ƙara ce, kin ga ƙazantarta. Wannan kuwa ta marigayi Mai Kujeru ce, Allah ya jiƙansa."

Alƙaliya ta dakata da rubutu.

"Marigayi? Bayan zaɓen ya rasu?"

"A'a, ranki ya daɗe, kafin zaɓe."

"Amma ya yi zaɓe?"

"Ƙwarai kuwa. Ai ba ma tauye wa kowa haƙƙi."

Lauyan ƙungiya ya cire tabarau ya dafe goshi. Ba wanda ya gaya masa wannan, don ba wanda ya ga abin faɗa ne. Alƙaliya ta juya wajen masu ƙara. Takardunsu sun ce an ajiye ƙuri'ar wani mamba saɓanin ra'ayinsa, ba su ce mamban ba ya duniya ba. Ta nemi Mai Fenti ya tashi.

"Kai ma ka san mutumin nan ya rasu kafin zaɓe?"

"Ni na fara zuba masa ƙasa, ranki ya daɗe."

"Kuma ba ka ga laifin a ce ya yi zaɓe ba?"

"Laifin me? Mu ba mu ce kada ta yi zaɓe ba. Cewa muka yi an ajiye ta inda ba nan ba."

Dama da hagu duka suka gyaɗa kai. Rabon da su yarda da abu ɗaya tun ranar taro. Alƙaliya ta dube su na ɗan lokaci, ba ta yi dariya ba, sai ta ce a kira wanda ya ajiye gudumar.

Mai Ƙofa ya shiga akwatin shaida, aka rantsar da shi. Ya ɓoye hannun dama a bayansa.

"Ɗauko gudumar da ake magana a kai, ka ɗaga kotu ta gani," in ji alƙaliya.

Da ya yi tunani da hagu zai ɗauka. Amma hannun da ya saba shi ya riga shi. Ya ɗaga ta, babban yatsansa ya faɗa cikin kwarin da yatsan amininsa ya yi, sai rawar ta taso. Gudumar ta riƙa kaɗawa a sama a gaban kowa, ya ƙanƙame ta, ta ƙara kaɗawa. Can a layin ƙarshe ya hango ɗansa ya ɗan miƙe daga zaune, baki a buɗe.

"Ajiye ta, Baba," alƙaliya ta ce da taushin murya. "Marigayi ya gaya maka inda za ka sa masa ita?"

Ciyaman ya yi gyaran murya. Mai Ƙofa ya ji kalmar da aka ba shi na zaune a kan harshensa, 'yar gajera, ba nauyi. Ya tuna ɗakin baya, da kukan jaririya da asuba, da takalmin ɗansa a bakin ƙofa. Sannan ya tuna dariyar nan ta tsakar gida, a juya wa bencin fuska.

"Bai gaya mini ba, ranki ya daɗe."

"To yaya aka yi ka san inda zai so?"

"Ya taɓa cewa yana son ɗansa ya zo rumfa. Ya kuma taɓa cewa bencinsa na Bahago ne. Duka biyun na ji da kunnena."

"Me ya sa ka zaɓi ta farko?"

Ya dubi gudumar amininsa a kan tebur.

"Inda na ajiye tawa, nan na ajiye tasa," ya ce. "Ina da ɗa."

Alƙaliya ta rubuta. Bayan ɗan hutu ta dawo ta yanke hukunci, ba ta tsawaita ba. Ta ce ta fahimci al'adarsu daga zumunci ta samo asali, ba daga cuta ba. Amma dokokin da ƙungiya ta yi rajista da su sun ce mamba ne ke zaɓe, mamba kuwa sai rayayye. Ko da marigayi ya faɗa da bakinsa, ko da ya bar wasiyya, ƙuri'arsa ta tafi tare da shi. Ta soke zaɓen, ta soke gyaran dokar, ta ce a sake da takarda, a asirce, a gaban jami'i daga ofishin rajistar ƙungiyoyi.

Mai Ƙofa ya fito yana jin wani iri. Ashe duk kwanakin da ya yi yana juya maganar a ransa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba hukuncin ɗaya ne. Da ya bi shawarar Ciyaman, da ya yi rantsuwar ƙarya a banza. Da ya faɗi gaskiya kuma, bai ceci kowa da ita ba. Ya rasa ko murna zai yi ko baƙin ciki.

A harabar kotu ba wanda ya yi shewa. Ciyaman ya wuce Mai Ƙofa ko kallonsa bai yi ba. Mai Fenti, wanda ya ci shari'a, shi ne ma ya fi kowa ɓata rai.

"Takarda!" ya ce yana tsaki. "Mu muka kawo kanmu. Mun zo a gyara wa guduma ɗaya wuri, an kore su duka."

Ya dubi Mai Ƙofa, ya dubi hannun, ya rage murya.

"Kai kuma da kake ta ɓoye-ɓoye, zato kake makafi ne mu? Tun bara muka sani. Mutumin da ya daina shan shayi rana ɗaya!"

Direba ya biyo ubansa suka kama hanyar gida. A mota ya zauna kusa da ubansa, da aka zo sauka ya riga shi miƙa wa yaron mota kuɗin, don kada uban ya zaro hannu.

Ranar sabon zaɓe jami'in ya zo da akwatin kwali ya ajiye a kan teburin inji. Wannan karon ƙuri'ar shugabanci daban, ta gyaran doka daban. Aka kewaye wani lungu da falanki, kowa ya shiga shi kaɗai. Mai Ƙofa ya daɗe a ciki. Fensir na rawa a hannunsa. Ya san abin da ya faɗa a kotu, ya san kuma wannan ƙuri'ar tasa ce, ba ta kowa ba. Ya sa alama a wajen gado, ya ninke, ya jefa. Bai ji kunyar wannan ba.

Da aka ƙirga, gyaran dokar ya faɗi, ba ma da ƙyar ba. Ashe cikin waɗanda suka ajiye guduma a buhun Ciyaman akwai masu jin nauyin idonsa ne kawai. Abin mamaki, shi Ciyaman ɗin suka sake zaɓa, don kowa ya san shi ya iya samo aiki. Ya karɓi kujerar yana hararar kowa, yana neman waɗanda suka juya masa baya a fuskokinsu, bai gano ba.

Aka yaye tamfol daga bencin Mai Kujeru aka ba Bahago. Abu na farko da ya yi, ya kira mutum biyu suka taya shi juya bencin. Gudumar ubangidansa kuwa bai taɓa ta ba, ya mayar da ita kan ƙusarta.

Mai Ƙofa ya tsaya a nasa bencin yana kallo. Abin da yake tsoro bai tafi ko'ina ba. Doka na nan yadda take, hannu na nan yadda yake. In ya ajiye aiki, bencin na wani ne.

Da safiyar wata Litinin, yana buɗe akwatin kayan aiki, sai ya ga ɗansa ya shigo rumfa sanye da tsohuwar riga. Bai zo wajensa ba, ya wuce wajen sakataren ƙungiya ya ce a sa shi a layin masu koyo.

"Ƙarshen layi fa, Direba," in ji sakatare. "Akwai mutane da yawa a gabanka, wasu ƙannen bayanka ne."

"Na sani. Sa ni."

"Wa ne ubangidanka?"

Ya nuna ubansa da haɓa.

Mai Ƙofa ya dubi ɗansa. Ya san abin da sakatare bai faɗa ba: mai koyo sai da ubangida mai benci. In hannun ya ƙi kafin layi ya zo, yaron ya faɗi a tsakiya. Yanzu aikinsa ya riƙe bencin nan iya ƙarfinsa, shekara nawa, Allah ne masani.

Bahago na gefe yana goge ƙafar kujera da samfefa. Bai ɗago ba ya yi magana.

"Baba, in ta kai ga haka, ya dawo nan wajena ya ƙarasa."

"Bayan abin da na yi maka?"

"Ban ce na manta ba. Rana ta dake ni a jikin bangon can." Ya hure dusa daga kan katakon. "Amma da ubangidana na nan, haka zai ce. Wannan kam na tabbata."

Mai Ƙofa ya juya kan bencinsa. Ya jawo ƙyauren da ya bari rabi, ya auna da ido, ya sa alama da fensir inda ƙusa za ta shiga. Ido dai bai gaza ba tukuna. Ya ɗauko gudumarsa ya dube ta. Shekara da shekaru ita ce bakinsa a taro, yanzu ta koma abin buga ƙusa kawai. Ya miƙa wa ɗansa ta wajen ƙota.

"Riƙe ta can ƙasa, ba a wuya ba. Kada ka kalli guduma, kan ƙusar za ka kalla."

Direba ya kafa ƙusa, ya ɗaga, ya buga. Ƙusar ta kwanta.

"Direba ya saki hanya!" Mai Fenti ya yi ihu daga can ƙarshen rumfa. "A kama birki, jama'a!"

Rumfa ta ɗauki dariya, har shi Direban. Mai Ƙofa ya zare ƙusar da hagu. Hannunsa ya nufi aljihu yadda ya saba, sai ya fasa, ya ajiye ta a fili a kan benci, ya ɗauko wata ya miƙa wa ɗansa.

"Sake," ya ce.